Ranar da Garuwa Ta Fito Neman Mahaifina

Assalamu alaikum Edita, da duk masu bibiyar wannan fili. Na jima ina karanta abin da ya sami wasu a nan, in yi musu addu'a in rufe mujalla, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni ma zan zauna in rubuto nawa ba. Ina roƙon a sakaya sunana. Na san mutanen Garuwa da yawa za su gane gidan da nake nufi tun kafin su kai rabin labarin, to su bar shi a ransu, Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya.

A lokacin da abin ya faru ni bazawara ce mai 'ya ɗaya, ina zaune a gidan mahaifina cikin ɗaya daga tsofaffin unguwannin Garuwa. Kakanninmu fatake ne da suka zo daga Najeriya da fatauci, gari ya karɓe su suka zauna. Sana'ata ɗinki da sayar da atamfa da leshi, kuma iyakar abin da na sani game da shafukan sada zumunta ke nan: in shimfiɗa atamfa a kan gado, in ɗauki hotonta in saka, mata su yi ta tambaya, wasu su saya wasu su yi shiru. Idan na ga matasa suna ta rubuce-rubuce a kan famfon da ya ƙafe ko hanyar da ta fashe, wannan da Faransanci wancan da Fulatanci, sai in taɓe baki in ce aikin marasa aikin yi ne, yaushe surutu a waya ya taɓa cike rami? Haka nake a wancan lokaci, kuma ina ganin kaina mai hankali.

Baba malami ne. Tun kafin a haife ni yake karantarwa a zauren gidanmu, kuma da wuya ka zaga babbar kasuwa ba ka haɗu da wanda ya taɓa durƙusawa a gabansa da allo ba, daga masu shaguna har direbobi da teloli. Mutum ne mai tsafta da kamun kai, kullum cikin farar riga da ƙanshin turare, ni kaina da nake 'yarsa ban cika ganin kansa ba hula ba. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai mantuwa ta fara kama shi. Da farko mun ɗauka jimami ne. Sai ya zama ya ci abinci ya wanke hannu, can kuma ya tambaye ni ko yau ba za a ba shi abinci ba ne. Wani lokaci ya dube ni ya tambayi 'yar gidan wa ce ni. Abin da ya fi maimaitawa shi ne zai je ya gaida Dada, wato mahaifiyarsa, wata Bafulatana da ta rasu tun ba a haife ni ba, ya ce tana can tana jiran sa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a kula da shi. Abin mamaki, Alƙur'ani bai taɓa kuɓuce masa ba. Ka ja masa baƙi ɗaya, sai ya ɗauka ya yi ta tafiya har sai ka gaji.

Babban wanmu, wanda muke kira Yaya, ɗan kasuwa ne mai mutunci a gari, kuma shi ne ya yanke shawarar a rufe maganar. Ya ce ba za a ce Malam ya zare ba yana raye. Aka sallami ɗalibai, aka rufe zaure, duk wanda ya zo gaisuwa sai a ce masa Malam yana hutawa. Ko maƙwabtanmu na jikin katanga ba su san gaskiyar halin da yake ciki ba. Ni ma na goyi bayan haka ɗari bisa ɗari, ina ganin rufin asiri muke yi wa mahaifinmu.

Cikin bazara ne, irin zafin Garuwa da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa. Da hantsi na bar Baba yana gyangyaɗi a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida, na leƙa bayan layi in kai wa wata amarya ɗinkinta. Na jawo ƙofa amma ban sa mata kwaɗo ba, don ban yi niyyar daɗewa ba. Da na dawo, tabarma tana nan, hularsa tana kan tabarma, shi babu shi. Na duba ɗakuna, na duba bayi, na fita da gudu ba mayafi. Mai shayin bakin layi ya ce ai ya ga Malam ya wuce, har ya gaishe shi ya amsa da fara'a, ya ji daɗi da ya ga Malam ya samu sauƙi har yana fita. Da ya san halin da ake ciki da ya riƙe shi. Amma wa ya gaya masa? Mu ne muka ɓoye.

Yaya ya zo ya tara yaran shagonsa da ƙannenmu, ya raba su masallatai da gidajen tsofaffin abokan Baba, ya ce a yi cigiya a hankali, kada a tara mana jama'a. Shi da kansa ya je komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ya ba da rahoto. Haka muka kwana babu labari. Washegari rana ta sake ɗagawa, ni kuwa babu abin da nake gani a idona sai tsoho mai hawan jini, kai ba hula, ba ruwa, ba magani, yana tafe a cikin wannan zafi. Na durƙusa gaban Yaya na roƙe shi ya bar ni in saka hoton Baba a waya. Ya dube ni ya ce ba za a yi tallan mahaifinsa ba kamar yadda nake tallan atamfa, kuma idan na kuskura, babu ni babu shi. Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Sannan na nemo wani hoton Baba na ranar Sallah, yana sanye da rawani, na saka shi a shafina da duk zaurukan matan da nake ciniki da su. Na haɗa da saƙon murya, na faɗi abin da muka shekara muna ɓoyewa: mahaifina yana da ciwon mantuwa, ya fita bai dawo ba, don Allah duk wanda ya gan shi ya riƙe mana shi.

Edita, abin da ya biyo baya har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Kafin in idar da sallar azahar wayata ta ɗauki zafi saboda kira. Saƙona ya dawo mini ta hannun mutanen da ban taɓa sani ba, amma ya canja kama. Wata malamar makaranta, Kirista, ta mayar da shi Faransanci ta tsara shi tsaf a ƙarƙashin hoton. Wani ya karanta shi da Fulatanci da murya mai daɗi, domin waɗanda ba sa karatu. Daga Maruwa aka kira ni, daga Gaundare, daga Yola, har wani tsohon ɗalibin Baba da ke karatu a ƙasar Larabawa ya kira yana kuka yana tambaya me ya sa ba a taɓa gaya musu ba. Cikin masu kiran akwai wani magidanci da ke shugabantar 'yan moto na bakin babbar kasuwa, masu ɗaukar fasinja a babur. Ya kira ni Adda, kamar yadda Fulani ke kiran babbar 'yar'uwa. Ya ce a gaban Malam ya koyi Fatiha, kuma Malam ne ya raɗa wa ɗansa na fari suna, don haka daga yau ba shi da wani aiki sai wannan. Ya ce in daina amsa kowane kira ni kaɗai, zai buɗe zaure a waya, abin da yara ke kira gurup, a tara masu nema wuri ɗaya.

Ban taɓa ganin tsari irin wanda mutumin nan ya yi ba, kuma duk daga kan babur ɗinsa, a gindin bishiya. Ya raba gari unguwa-unguwa, kowace unguwa da 'yan motonta da wanda zai riƙa ba da bayani. Wasu ya tura su bakin gada da gaɓar kogin Binuwai, wasu tashoshin mota, wasu kangwaye da gine-ginen da ba a gama ba. Wata nas ta ɗauki nauyin zaga asibitoci, har ɗakin ajiye gawa ta shiga don kada ni in shiga. Matan da ke sayar da ƙosai da masu tura ruwa a kura kowa ya ajiye hoton Baba a wayarsa. Wani mai ɗab'i ya buga hoton aka manna a gaban babura. Limamai suka yi sanarwa bayan salla, aka ce mini a wasu coci-coci ma an yi. Idan na leƙa zauren sai in ga saƙonni suna gangarowa kamar ruwan sama: mun gama layin kaza babu shi, mun shiga bayan makaranta babu shi, wa ke kusa da kasuwar shanu ya leƙa mana. Mutanen nan sun bar neman abincin ranarsu suna ƙona mai a kan tsohon da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Na zauna a bakin gado da waya a hannu ina kuka, ba don baƙin ciki kaɗai ba. Ashe haka garin nan yake, ina cikinsa tun haihuwa ban sani ba.

Amma abin ba ya zuwa da alheri zalla. An kira ni zuwa garin Pitowa aka ce an gan shi a kasuwa, na je na tarar da wani tsoho dabam yana cin gyaɗarsa, jama'a sun kewaye shi ya rasa dalili. Mafi muni, wani ya rubuta cewa an tsamo gawar dattijo a ƙarƙashin gada. Bai gani da idonsa ba, ji ya yi, wanda ya gaya masa ma ji ya yi. Kafin a ce kwabo saƙon ta'aziyya ya cika wayata, wasu har sun sa hoton Baba da addu'ar mamaci, mata suka fara shigowa gidanmu da sallallami. Nas ɗin nan ce ta je ta bincika ta dawo ta ce babu wata gawa, kan itace ne ruwa ya kawo wani ya hango daga nesa. Yaya ya shigo ransa a ɓace, ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce to ga abin da na jawo, an kashe mana uba da baki tun Allah bai kashe shi ba. Daga nan shugaban 'yan moto ya kafa doka a zauren: duk wanda ya ji ko ya ga wani abu, ya tura masa shi kaɗai tukuna, sai an tabbatar sannan a faɗa wa jama'a. Kowa ya ce ya ji. Ni ma na ce na ji.

An kwana biyu ana wannan fama, har na fara ganin gajiya a saƙonnin mutane, sai wata da nake sayar wa leshi ta turo mini wani bidiyo. Ta ce in yi haƙuri, a shafin ƙaninta ta gani ana ta dariya a kansa, amma muryar ta tsaya mata a rai. Na buɗe. Bakin ruwa ne, ga jiragen kwale-kwale, ga hayaƙin banda. Wani tsoho ne kai ba hula, riga ta yage ta yi baƙi ƙirin, ƙafa ba takalmi, yana bin masunta ɗaya bayan ɗaya yana riƙe musu riga, yana roƙon su da Fulatanci su kai shi wurin Dada. Ana jin mai ɗaukar bidiyon yana ƙyalƙyala dariya yana tsokanar sa. Can sai tsohon ya juya ya fuskanci ruwa ya fara karatu, kuma duk duniya babu mai jan ayar nan haka sai mutum ɗaya. A nan na yi abin da har gobe nake nadama. Maimakon in tura wa shugaban 'yan moto shi kaɗai kamar yadda aka yi doka, sai na jefa bidiyon cikin babban zauren, da shafina, da ko'ina, na rubuta cikakken sunan Baba a ƙasa, na ce ga shi nan, don Allah ina ne nan? Da hannuna na ɗaura sunan mahaifina a jikin wannan hoto.

Amsa kam ta zo nan take. Mutane da dama suka ce Lagdo ne, bakin dam, har wani ya gane rumfar da ke bayan tsohon. Wani direban ƙaramar bas ya kira ya ce wallahi shi ya ɗauke shi daga tasha, dattijon ya yi masa magana tsaf kamar mai cikakken hankali, ya sa masa albarka, shi kuwa ya kai shi kyauta, kuma bai ga hoton cigiyar ba sai yanzu don wayarsa ta lalace. Kafin mu fito daga Garuwa, 'yan zauren da ke Lagdo sun riga sun isa wurin sun turo cewa yana raye. Na shiga motar Yaya muka kama hanya.

Mun same shi a rumfar wata dattijuwa mai bandar kifi. Ba ta da irin wayar nan, ba ta san ana neman sa ba, ba ta san ko shi wane ne ba. Ta ce ta ga yara suna bin sa ne ta kore su, ta jawo shi inuwa, ta dama masa kunu, ta yafa masa tsohon mayafinta a ka saboda rana. Ta ce da ta ji karatunsa ta san wannan uban wasu ne, kuma za su zo. Baba yana zaune a kan buhu, leɓɓansa sun tsage, ƙafafunsa duk ƙaya. Bai gane ni ba. Yaya ya durƙusa a gabansa, sai Baba ya kama hannunsa ya roƙe shi, tunda shi da alama mutumin kirki ne, ya taimaka ya sa a tsallaka da shi, ya ambaci sunan wani ƙauye. Na ga fuskar Yaya ta canja. Ya juyo ya gaya mini cewa ƙauyen Dada ne, can aka binne ta, Baba ya taɓa kai shi yana ƙaramin yaro. Tun da aka tare kogin aka yi dam ruwa ya shanye ƙauyen, yana can ƙarƙashin tafkin nan da muke kallo. Duk mantuwar Baba, ƙafarsa ba ta manta hanyar gidan uwarsa ba. Yaya, mutumin da ko ranar rasuwar mahaifiyarmu ban ga hawayensa ba, ya kifa kansa a gwiwar Baba ya yi ta kuka kamar yaro.

Da la'asar muka doso Garuwa, bayan an duba Baba a wani ƙaramin asibiti an ƙara masa ruwa. Tun kafin mu hau gada na hango babura, jere gefe da gefe, iya ganina. Shugaban 'yan moto ya riga ya sanar a zaure cewa kada wanda ya danna oda ko ya yi ihu, kada a firgita Malam. Edita, kin san 'yan moto da hayaniya. Amma ranar nan suka kunna fitilunsu da rana tsaka, suka sa motarmu a tsakiya, suka raka mu a hankali babu mai cewa komai, sai ƙarar inji kawai. Mutane sun fito bakin hanya, mata da goyo, 'yan kasuwa a ƙofar shaguna, wasu suna ɗaga hannu wasu suna share hawaye. Baba ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Wane babban mutum ne ya rasu?"

Na ce, "Babu wanda ya rasu, Baba. Kai suka rako gida."

Ya sake duban su. Sai ya ce, "To a ba su ruwa mana. Ba ki ga zafin da ake yi ba?"

Da muka isa, Yaya da kansa ya buɗe zauren da ya rufe, ya tsaya a ƙofa yana miƙa wa mutane hannu ɗaya bayan ɗaya har magariba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe saura. Bidiyon nan ya riga ya yi fiffike. Wasu da ba su san mu ba suka yanke shi, suka ɗora masa kiɗa, suka mayar da roƙon da Baba ke yi wa masunta abin barkwanci. Kuma yanzu da sunansa a jiki, sunan da ni na rubuta. Mutumin da bai yarda a ga kansa ba hula ba, ga shi ana wuce da shi daga waya zuwa waya cikin yagaggiyar riga. Na daina cin abinci. Yaya bai ce mini ga abin da na jawo ba a wannan karo, kuma shirun nasa ya fi mini zafi. Saurayin da ya ɗauki bidiyon, wani ɗan kasuwar kifi, mahaifinsa ya kawo shi har gida ya durƙusa yana ba da haƙuri. Na dube shi na rasa abin da zan yi, in tsine masa ko in gode masa, domin ba don rashin kunyarsa ba, da wataƙila sai dai a nuna mana kabari. Yaya ne ya ce ya tashi, an yafe, amma ya sani wata rana shi ma zai tsufa.

Mutanen zauren wayar nan ba su watse ba. Malamar makarantar nan ce ta kawo shawara, ta ce tunda da waya aka ɓata, da waya za a gyara. Suka bi duk shafin da aka saka bidiyon, suna roƙon masu shi da lalama su cire, wanda ya ƙi kuma su taru su kai ƙarar shafin har a sauke shi. Tsofaffin ɗaliban Baba suka tono kasa-kasan karatunsa na da, da hotunansa a zaure cikin rawani, suka yi ta sakawa, kowa yana ba da labarin abin da Malam ya taɓa yi masa. A nan na ji abubuwan da ban taɓa sani ba game da mahaifina: marayun da ya riƙe a ɓoye, auren da ya sulhunta, mutumin da Baba ya hana barin gari ranar da kasuwa ta karye masa. Aka wayi gari idan ka nemi sunan Baba, karatunsa ne ke fara fitowa. Na yi mamakin wannan aiki fiye da na farko, domin nema kowa zai iya tausayawa ya fito, amma a zauna ana bin shafi ɗaya-ɗaya saboda mutuncin wani tsoho, wannan sai Allah.

Duk da haka abin bai mutu ba. Baba ya rasu da damina ta zagayo, a ɗakinsa, cikin tsafta, bakinsa yana motsi da karatu. Bayan rasuwarsa da watanni 'yata ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci. Da na matsa mata sai ta ce wata ƙawarta ta nuna musu wani bidiyo a wayar yayanta ana dariya, ta tambaye ni ko da gaske Kaka ne. Na ce mata shi ne. Na zaunar da ita na ba ta labarin duka, har da inda na yi kuskure. Ta ce to gobe za ta gaya wa ƙawar tata cewa uwarsa yake nema. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada ta ga fuskata.

Zauren wayar yana nan har yau, kuma ina cikin masu kula da shi. An nemo tsofaffi da yara da masu taɓin hankali da dama ta hanyarsa, wasu a raye, wasu kuma aƙalla iyalansu sun samu gawa sun binne. Ya sa gidaje da yawa sun daina ɓoye ciwon iyayensu, har Yaya ne yanzu ke zuwa ya zauna da magidanta ya gaya musu kada su yi irin tamu. Ni da na ce surutu a waya ba ya cike rami, na ga ranar da ya tashi gari guda a kan ƙafa. Na kuma ga cewa ƙarfin nan ba shi da linzami. Hannun da ya kira jama'a ba ya iya ce musu su koma, kuma abin da ka saka sau ɗaya ya fita daga ikonka har abada.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu karatu. Idan tsohonku ya fara mantuwa, ku gaya wa maƙwabta, ku gaya wa mai shayi da mai kanti da 'yan moton bakin layi, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma su ne za su tare muku shi ranar da ido ya kauce. Idan wani naku ya ɓata, kada girman kai ya hana ku neman jama'a, domin akwai alheri a cikin mutane fiye da yadda muke zato. Amma komai ruɗewa, ku tsaya ku ja numfashi kafin ku danna tura. Labarin da ba ku gani da idonku ba kada ku yaɗa shi, ko da kuka kuke yi. Hoton da mai shi ba zai so a gan shi a ciki ba, ku kai wa mutum ɗaya mai hankali, kada ku watsa wa duniya. Ku kuma matasa, idan kun ga dattijo a hanya yana sambatu cikin yagaggiyar riga, ku sani akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba saboda shi. Ku kai shi inuwa, ku tambayi ko ana cigiyarsa.

Duk wanda wancan bidiyo ya rage a wayarsa, ina roƙon sa don girman Allah ya goge. Idan ya goge, ya karanta wa mai shi Ƙulhuwallahu, domin shi ya koya wa rabin garin nan ita.